A YI SHELAR BAJE KOLIN TUKWANE INDA TALAKA ZAI JI

Kowace shekara a kan yi baje koli a manyan garuruwan ƙasar nan, a jera tukwane da randuna da tangaran na ginin hannu, baƙi su zo su gani su saya. To, amma mu tambayi 'yan kasuwarmu, mutum nawa ne a cikinku ya taɓa jin ranar taron tun ba a yi ba? Yawancinmu sai an watse, an kwashe rumfuna, sa'an nan mu ga hoton manya a jarida suna riƙe da tulu suna murmushi. Ita kuwa matar da ta haƙo yumɓun, ta kirɓa, ta gina, ta toya, ko sunanta ba a sa ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce sana'ar ƙarama ce. A duba bayan takardar Naira 20, hoton wa ke ciki? Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane daga garin Kwali a ƙasar Gwari. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, a can ne wani Bature, Michael Cardew, ya fara ganinsu. Shi ne ya kafa makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Gwaninta tun a ƙauye ta ke da ita. Abin da ya kai sunanta duniya shi ne an kai aikinta inda idon masu saye zai gani. Akwai irinta da yawa a ƙauyuka, ba su sami mai kai su ba.

Tun da ya ke ba a gaya muku ba, bari mu gaya muku abin da muka sani. Baje kolin Kaduna ya kan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, na Kano kuwa wajen ƙarshen shekara. Akwai kuma bikin al'adu na ƙasa da a ke kira NAFEST, wanda a ke zagayawa da shi jiha jiha, kowace jiha ta kai sana'o'inta na hannu. Wanda ba zai iya jiran taro ba, ya tafi wurin maginan da kansa. A Ushafa, kusa da Bwari, akwai wurin da mata ke ginin tukwane, har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garin a shekarar 2000. A Bwari kanta akwai masu yin tangaran mai ƙyalli. A Tatiko ta Jihar Neja matan Gwari suna ginin randa irin ta kaka da kakanni. Mai son ya ga irin tukwanen ƙabilun ƙasar nan a wuri guda, sai ya je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Har wa yau, babban baje kolin talaka shi ne ranar kasuwa. Ginin tukwane aikin rani ne, domin ɗanyar tukunya tana bukatar ta bushe sarai kafin a toya ta, toyi kuwa a fili a ke yi da ciyawa da itace, ruwan sama na iya ɓata aikin mako guda a sa'a ɗaya. Saboda haka daga kaka zuwa bazara ne kaya ke cika kasuwa. Da bazara kuma randa ke tsada, don kowa ya san ruwanta ya fi na jarkar roba sanyi: jikinta na tsattsafo da ruwa, iska ta busar, zafin ya tafi da shi. Ɗan kasuwa mai hankali da hunturu ya ke sari. In ka je, ka ƙwanƙwasa tukunya da yatsa. Wadda ta toyu da kyau za ta yi ƙara tas, mai tsaga kuwa muryarta a dishe ta ke.

Ga inda kukanmu ya ke. Masu shirya irin waɗannan tarurruka da Turanci su ke buga takardar gayya, su aika wa ofisoshi da manyan otal, ko su sa a intanet. Maginiya a ƙauye ba ta gani ba. In ma ta ji, ina kuɗin rumfa, ina kuɗin mota? Kayanta masu nauyi ne, masu fashewa kuma, rami ɗaya a hanya ya isa ya cinye ribar wata. Sai dillali ya zo har gida ya saye da arha, ya kai birni ya ninka. Ga roba da alminiyam sun riga sun ƙwace ciniki mai yawa. Yarinyar da ta ga uwarta na wahala ba riba, lalle ba za ta koya ba, kuma sana'ar da ba a koya wa 'ya'ya ba ta kama hanyar mutuwa.

Abin da mu ke nema ga hukuma ba mai yawa ba ne. Na ɗaya, a riƙa sanar da ranar kowane baje koli wata biyu kafin lokaci, a gidan rediyo, da Hausa da Gwaranci da Nufanci, a kuma ba sarkin kasuwa ya sa a yi shela ran kasuwa. Na biyu, a ware rumfuna kyauta ga wanda ya gina da hannunsa. Na uku, kowace ƙaramar hukuma da ke da magina ta ba da mota ta kai kayansu ta komo da su. Na huɗu, a rubuta sunan magini da garinsa a jikin kowane abu da aka nuna, don mai saye ya san inda zai koma.

Mu kuma kada mu naɗe hannu muna jira. Kowane reshe ya sa sakatarensa ya rubuto mana garuruwan magina da ke ƙasarsu, da ranar da kasuwarsu ke ci, da irin abin da su ke ginawa, ko randa ce, ko tanda, ko kasko, ko asusu. Za mu riƙa bugawa a wannan shafi kowane mako, ba ko kwabo. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da tasha da bakin rijiya. 'Yan kasuwa kuma, in kun je sari, ku saya a hannun maginiya, ku biya ta abin da ya dace da guminta.