Jonathan Banks: Ɗan wasan da sai da ya kai shekara 62 duniya ta riƙe sunansa

Duk wanda ya kalli Breaking Bad ya san Mike Ehrmantraut, dattijon nan mai sanƙo da idanu kamar na mai jin barci, wanda ba ya ɗaga murya amma kowa na shakkarsa. Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, asali ma babu Mike a cikin labarin.

A ƙarshen zango na biyu, a 2009, lauya Saul Goodman aka tsara zai je ya gyara ɗakin da budurwar Jesse ta mutu kafin 'yan sanda su iso. Sai aka tarar Bob Odenkirk, mai fitowa a matsayin Saul, yana can yana wani aiki. Marubuta suka ƙirƙiri wani mutum ya tsaya masa, aka kira Jonathan Banks. Ya shigo, ya kwashe kayan maye, ya sharara wa Jesse mari, ya karanta masa abin da zai faɗa wa 'yan sanda. Lokacin shekararsa 62.

Kafin wannan rana ya shafe sama da shekara 30 a sana'ar. Ya leƙa a Airplane! a 1980, ya fito a 48 Hrs. da Gremlins. A Beverly Hills Cop na 1984 shi ne yaron mugu da ya harbe abokin Eddie Murphy. Irin fuskar nan ce da mutum zai ce "na san wannan", amma ko za a yanka shi ba zai iya kawo sunan ba. A Wiseguy na tashar CBS ya ɗan samu sarari, har sunansa ya shiga takarar kyautar Emmy a 1989, daga nan ya koma baƙunta daga wannan shiri zuwa wancan.

Gwanintarsa a shiru take. A farkon zango na uku na Better Call Saul akwai inda Mike ya kwance mota ƙusa-ƙusa yana neman na'urar da aka liƙa masa don bin sawunsa. Mintoci suna tafiya babu magana, amma mai kallo ba ya iya ajiye wayar. Sau shida ana saka sunan Banks a takarar Emmy, ko sau ɗaya bai ɗauka ba. A 2015, shekarar da ya girgiza mutane da labarin mutuwar ɗan Mike, Peter Dinklage na Game of Thrones ne ya lashe, har ya ambaci sunan Banks a kan dandamali. Ba abin mamaki ba ne, don shi kansa Better Call Saul sau 53 ya shiga takara ya fita hannu rabbana. Alƙalai sun fi ganin mai kuka da ihu.

Sai dai rashin kofi ba shi ne abin damuwa ba. Tambayar ita ce, yau ɗan wasa zai iya jiran shekara 30 kafin rabonsa ya tsaga?

Talabijin ɗin da Banks ya taso a ciki yana ciyar da ƙananan 'yan wasa. Zango ɗaya kan kai kashi 22, kowane kashi yana buƙatar sabon ɗan sanda, sabon likita, sabon ɓarawo. Kuma duk lokacin da tasha ta maimaita shirin, ana sake biyan waɗanda suka fito. Da wannan 'yan kuɗin ake biyan haya a watannin da waya ba ta ƙara ba. Da kallo ya koma intanet, zango ya tsuke zuwa kashi takwas ko goma, kuɗin maimaici kuma ya zama cikin cokali.

Wannan na cikin abin da ya sa ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA ta shiga yajin aiki na kwana 118 a 2023. A lokacin ne aka yi ta nanata cewa kusan kashi 86 cikin 100 na mambobinta ba sa samun dala 26,470 a shekara, wato mafi ƙarancin abin da zai ba su damar shiga inshorar lafiya ta ƙungiyar. Taurari irin su Bryan Cranston sun fito zanga-zanga, amma ba cikinsu ne ke kukan yunwa ba.

Kamfanoni za su ce kasuwa ce ta canza, kuma shirye-shirye sun fi da yawa. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Amma yawan shirye-shirye bai hana ɗan wasa mai shekara 40 ajiye sana'a ya kama tuƙin Uber ba idan aikin kwana biyu ne kawai yake samu a wata shida. Marubutan Breaking Bad sun yi sa'a a 2009: da suka nemi dattijon da zai riƙe fage da ido kawai, sun tarar da shi yana nan bai tafi ba, kuma sun ci moriyarsa har zuwa 2022.