Masu haɗa man fuska, ku ji tsoron Allah

Jama'ar Sabo, yau kan kurajen fuska zan yi magana, manyan nan masu zurfi da zafi kamar maruru, da ke bin mutum har ya haura talatin. Wata 'yarmu saura ƙiris a fasa aurenta saboda su. Me aka sayar mata? Haɗin kwalba marar suna, a nan cikin unguwa. Sati biyu fuska ta yi fes. Kafin wata uku kuraje suka dawo ninki, fatar ta yi siriri. Sinadarin clobetasol ake zubawa a irin haɗin nan, shi kuwa ƙara kurajen yake. Ni ma ɗan kasuwa ne, na san daɗin riba, amma ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma kun sani.

Masu cewa sammu ne kuwa, haba! Maiƙo ne ke toshe ƙofofin fata, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. A yi addu'a, sannan a hau mota zuwa UCH wurin likitan fata. Akwai maganin sha, isotretinoin, amma sai likita ya rubuta, don yana nakasa ɗan da ke ciki. Kada wanda ya sayo wa matarsa a kemis.