Abin Da Mai Horaswa Ya Ke Yi Wa Ƙungiya: Darasi Daga Afirka Ta Kudu

Jama'a da yawa a ƙasarmu ba su saba da wasan ƙwallon zari-ruga ba, saboda haka ya kamata mu fara da bayaninsa a taƙaice. Mutum 15 ke kowane gefe, ana yin minti 80 ana fafatawa. Takwas daga cikinsu ƙarfafa ne, su ke yin turereniya da ƙwatar ƙwallo, bakwai kuwa masu gudu ne. Ana ɗaukar ƙwallon a hannu a ruga da shi, amma ba a yarda mutum ya jefa wa ɗan'uwansa ta gaba ba, sai ta baya ko ta gefe. Watau dai wasa ne da gwani ɗaya ba ya cin sa shi kaɗai, ko da ya fi barewa gudu. Don haka ne aikin mai horaswa da zaman 'yan ƙungiya su ke bayyana a cikinsa fiye da sauran wasanni. Ba mu san misalin da ya fi na Afirka ta Kudu nuna wannan ba.

Ƙungiyar wannan ƙasa, wadda a ke kira Springboks, ta ci Kofin Duniya a 1995 da 2007. Amma a 2016, shekarar farko ta mai horaswa Allister Coetzee, wasa 4 kaɗai ta ci cikin 12, har Italiya, wadda ba ta taɓa cin ta ba, ta ka da ita 20 da 18. A watan Satumba na 2017, Niyuzilan ta zuba mata maki 57 ba ta rama ko ɗaya ba. Mutane suka ce ƙarfin ƙasar ya ƙare. Alhali kuwa a cikin waɗanda aka yi wa wannan kaye akwai Siya Kolisi, da Eben Etzebeth, da Tendai Mtawarira, da Malcolm Marx. Bayan shekara biyu, ran 2 ga Nuwamba 2019, waɗannan mutane huɗu suna cikin waɗanda suka ka da Ingila 32 da 12 a birnin Yokohama na Japan, suka ɗauki Kofin Duniya. To, jikin dai shi ne, ƙashin shi ne. Mene ne ya sāke?

Abin da ya sake shi ne jagora da irin riƙonsa. A farkon 2018 aka danƙa wa Rassie Erasmus ƙungiyar, shi kuwa tsohon ɗan wasanta ne, ya kuma horar da ƙungiyar Munster ta ƙasar Ayalan. Abubuwa uku muka lura ya yi.

Na farko, ya tsai da hanyar wasa guda ɗaya wadda ta dace da mutanensa. Bai ce sai sun kwaikwayi Niyuzilan wajen gudu da miƙe-miƙen ƙwallo ba. Ya dubi abin da Allah ya hore musu, watau ƙarfin jiki, ya gina dabararsa a kai: su danne abokan hamayya a turereniya, su riƙa buga ƙwallo sama suna bin sa, sa'an nan mataimakinsa Jacques Nienaber ya koya musu tsaron da a ke auka wa mai ƙwallo tun bai numfasa ba. Kowane mutum ya san aikinsa, ya san na wanda ke kusa da shi. Har 'yan jiran canji ya ba su daraja. Al'ada ita ce a ajiye ƙarfafa 5 da masu gudu 3, shi kuwa a Japan sai ya riƙa ajiye ƙarfafa 6 da masu gudu 2, ya sako su sa'ad da abokan hamayya suka fara gajiya. Da haka zaman benci ya daina zama abin kunya, ya koma muƙami.

Na biyu, ya yi adalci wajen zaɓe, ya kuma yi shi a fili. Ya komo da gwanayen da suka tafi neman abinci ƙasashen waje, irin su Faf de Klerk da Willie le Roux. Babban abin kuwa, a 2018 ya naɗa Siya Kolisi madugu, shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiyar a wasan ƙasa da ƙasa. Wanda ya san tarihin ƙasar ya san nauyin wannan, gama a zamanin mulkin wariyar launin fata an ɗauki rigar Springboks tamkar ta Turawa ce kaɗai. Kolisi kuwa a unguwar talakawa ta Zwide ya tashi, a hannun kakarsa, cikin rashi. A wasansa na farko yana madugu, Ingila ta wuce su 24 da 3, amma ba su watse ba, suka juyo suka ci 42 da 39.

Na uku, ya ba su dalilin yin wasan wanda ya wuce na kuɗi da suna. Bayan cin kofin 2019 ya bayyana wa manema labari abin da ya riƙa faɗa musu, cewa a ƙasarsu wanda ke cikin matsi shi ne wanda ba shi da aikin yi, ko wanda aka kashe masa ɗan'uwa. Ɗan wasa kuwa gata aka yi masa, aikinsa shi ne ya faranta wa waɗancan rai.

Kada mai karatu ya zaci abin dare ɗaya ya yi. A 2018 wasa 7 suka ci cikin 14, a Japan ma Niyuzilan ta ka da su 23 da 13 a wasan farko. Da hukumar wasan ta yi gajen haƙuri, da ba a ga ƙarshen aikin ba. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗora wa Coetzee dukan laifin baya, gama sai a watan Afrilu na 2016 aka naɗa shi, saura wata biyu a fara wasa, ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ashe kyakkyawan zama shi ne sirrin duka. Mu ba mu yarda da haka ba, shaidarmu kuwa Ingila ce. Stuart Lancaster ya karɓi ƙungiyarta bayan 2011, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen gyara ladabi da tarbiyyar 'yan wasa, kowa ya yaba. Amma da Kofin Duniya ya zo gidansu a 2015, Wales ta ci su 28 da 25, Ostareliya ta ci su 33 da 13, suka fita tun zagayen farko. Ladabi ba ya maye gurbin dabara, kamar yadda dabara ba ta tsayuwa in zukata sun rarrabu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Har wa yau, ba mu ce Erasmus ba shi da aibu ba. A 2021 ya yi dogon faifan bidiyo yana sukar alƙalin wasa, hukumar wasan ta duniya ta dakatar da shi. Zafin kishin da ya ɗaga ƙungiyar, shi ne ya kai shi ga ƙetare iyaka, wannan kuwa ba abin koyi ba ne.

Duk da haka ginin ya tsaya. A Faransa a 2023, Nienaber na riƙe da ƙungiyar, Erasmus na bayansa, suka ci wasanni uku na ƙarshe da ratar maki ɗaya ɗaya: Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, Niyuzilan 12 da 11. Sau ɗaya a iya cewa sa'a ce, sau uku kuwa sai mutanen da suka amince da juna. A Satumba ta 2025 kuma suka je har birnin Wellington suka ka da Niyuzilan 43 da 10.

To, malaman makaranta da shugabannin ofisoshi, ga abin dubawa. Kafin mutum ya ce waɗanda ke ƙarƙashinsa ba su da amfani, ya kamata ya tambayi kansa: na nuna wa kowa aikinsa sosai? Na yi zaɓe bisa cancanta, a gaban kowa? Sun san dalilin wahalar da su ke sha? In amsar a'a ce, to, gyara daga sama zai fara. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya ba mu haƙurin jiran aikinsu ya nuna, amin.