Shatan Ƙarshe Da Makaɗan Da Ba A Rubuta Sunansu Ba

A teburin mai shayi a Karare, kamar sauran garuruwan ƙasar Batsari da Safana, ba a raba dattawa da gardama ɗaya idan aka kunna waƙar Alhaji Mamman Shata: wai Shatan shekarun 1990 ba shi ne Shatan da suka sani a faifan garmaho ba. Dalilinsu kuwa shi ne hannuwan da suka riƙe masa kalangu tun yana saurayi ba su ne suka raka shi zuwa ƙarshe ba.

Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma ba dukanta ba. Wanda ya saurari Bakandamiya ta farkon zamani, sa'an nan ya bi ta da wadda aka ɗauka da girma ya kama mawaƙin, zai ji kiɗa ya rage gudu, murya ta yi kauri, amshi kuma ba ya faɗowa da zafin da aka saba. A nan dattawan sun yi daidai. Inda suka kauce shi ne ɗora laifin kan sababbin makaɗa. Mutumin da aka haifa a Musawa a 1923, ya yi waƙa fiye da shekara 50, dole ne makaɗinsa ya sassauta hannu domin ya ba shi wurin numfashi, kuma wannan sassautawa gwaninta ce. A cikin wannan natsuwa ne ma zancen Shata ya fi fitowa sarai, har ɗalibi ya iya rubuta shi ba tare da ya maimaita kaset ba.

Babbar matsala tana wani wuri dabam. A Ingila, lokacin da ƙungiyar Black Sabbath ta sallami mawaƙinta Ozzy Osbourne a 1979, ta ɗauki Ronnie James Dio, faifan da ta fitar a 1980 ya zo da sunan kowa da abin da ya kaɗa, don haka masu sharhi suka san wanda za su yaba da wanda za su soka. Kaset ɗin Shata kuwa galibi hotonsa ne kawai a jiki. Wa ya riƙe kalangu, wa ya ja amshi, a wace shekara aka ɗauka, sai dai a yi ta cinta.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, littafin Shata Ikon Allah kuma ya fito a 2006. Aikin da ya rage na gidajen rediyon Kaduna da Katsina ne, watau su fito da faya-fayan da ke ajiye, su zaunar da mutanen da suka yi yawo da shi waɗanda ke da sauran kwana, a rubuta sunan makaɗa da 'yan amshi da shekara a jikin kowace waƙa.