Labarai 101, Kowanne da Kyakkyawan Ƙarshe

A 1993 ne wasu Amurkawa biyu masu laccar zaburar da jama'a, Jack Canfield da Mark Victor Hansen, suka fitar da Chicken Soup for the Soul, kundin gajerun labarai 101 na rayuwar mutane. Manyan maɗaba'un New York sun ƙi shi, sai wani ƙaramin kamfani a Florida ya buga. Ya yi kasuwa har ya haifi littattafai fiye da 250.

Daɗinsa a fili yake. Labari shafi biyu ne ko uku, mai jinyar da ya kwana zaune a asibiti zai iya gama ɗaya kafin shayinsa ya huce, ya ɗan ji sanyi a ransa.

Sai dai tankaɗe aka yi. Wanda ya dage ya ci nasara ake bugawa. Ɗan'uwansa da ya yi irin wannan dagewar amma kasuwa ta karye masa da wuya ya samu shafi. Mai karatun da ya manta da haka kan koma zargin kansa a banza. Ko kamfanin fina-finan da ke ɗauke da sunan littafin, bashi ya durƙusar da shi a 2024.