Wanda ya yi noma, shi ya kamata ya yi girbi

Jama'ar Bangi, da ku na Madawa, Buza da Keita, ku saurara. Muna da wata cuta. Mun raina namu. In baƙo ya zo, sai mu shimfiɗa masa tabarma, ɗan gida kuwa ya zauna a ƙasa.

Ga misali: Haruna Dula. Ɗan Nijar ne, mai horar da 'yan ƙwallo. Lokacin da ya riƙe Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ba mu taɓa zuwa gasar kofin Afirka ba, ko sau ɗaya. A 2010, a Yamai, yaransa suka ci Masar ɗaya da babu. Masar fa, mai riƙe da kofin! A 2011 suka ci Afirka ta Kudu biyu da ɗaya. Nijar ta samu shiga gasar 2012. A ƙarshen 2011 hukumar ƙwallon Afirka ta ce shi ne gwanin masu horarwa na wannan shekara.

To, me aka saka masa da shi? Aka ɗauko wani Bafaranshe, Rolan Kurbis, wai mai ba shi shawara. Wasan farko Gabon ta ci mu biyu da babu. Nan take aka ture Dula gefe, aka miƙa wa baƙo ragama. Kai manomi, ka yi shuka, ka yi noma, ka yi maimai, ran girbi a ce ka ba wani lauje. Za ka yarda?

Wasu za su ce ai Dula bai ci wasa ko ɗaya a waje ba a wasannin neman shiga. Gaskiya ne. Amma baƙon fa? Tunisiya ta ci mu, Maroko ta ci mu. Kafin shekarar ta ƙare ya kama hanyarsa.

Kada ku ce laifin manyan Yamai ne kaɗai. Malamin lakkwal da ke tara yara da marece, yana koya musu ƙwallo a fili mai ƙura, wa ya taɓa saya masa ko usur? Cewa muke yi yana hana su kiwo.

Dula bai yi zuciya ba. Da aka sake neman sa, ya zo. A farkon 2023, a Aljeriya, a gasar 'yan wasan da ke bugawa a gida, ya fitar da Gana biyu da babu, ya kai Mena ta huɗu.