A tallafi uwa kafin a zo ceton 'yarta

Duk lokacin da hoton wata 'yar aiki ya bazu a Facebook, bayanta duk shatin bulala ko ƙunar dutsen guga, sai mutanen Abuja su yi ca. A tsine wa uwar ɗakin, a kira hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, a ce lallai sai an hukunta ta. Hukuncin ya dace, ba ni da ja. Amma ba kasafai ake tambayar abin da ya raba yarinya 'yar shekara tara da uwarta ba, har ta koma kwana a kicin ɗin wasu a Gwarinpa.

Ni malamar firamare ce a wajen Gwagwa, kuma na san yadda abin yake farawa. Yarinya ta fara zuwa a makare, hannunta na warin manja saboda ta taya soya awara tun asuba. Sai ta fara gyangyaɗi a aji. Sai a wayi gari bencinta ba kowa. Akwai wadda na bi sawunta har gida. Na tarar da uwar a ɗaki ɗaya na haya, da goyo, tana tsince shinkafar da ba ta kai gwangwani biyu ba. Mijin ya sake ta, ya yi gaba, ko sisi ba ya aikowa. Wata dillaliya ta zo ta ce akwai Hajiya a cikin gari mai neman yarinya, za a riƙa biya duk wata. Da na fara yi mata nasiha sai ta ɗago ta ce, "Malama, in na dawo da ita, ke za ki ciyar da sauran?" Wannan mata ba muguwa ba ce. Yunwa ce ta yi mata zaɓi.

Dokoki kam muna da su. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Babban Birnin Tarayya tun daga farko, tun kafin jihohi da yawa su karɓe ta. Ta hana a ɗauki yaro aikin gida a wajen danginsa, ta hana ɗora masa talla. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. A 2015 aka ƙara da dokar hana cin zarafin mutane. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Doka tana zuwa ne bayan an riga an yi ɓarna, ba ta biyan kuɗin haya.

Ga kuma yadda garin nan yake. Masu gadi da direbobi da masu shara da ke riƙe da Maitama da Asokoro ba a can suke kwana ba. Daga Mararraba, Suleja, Dei-Dei da Karmo suke fitowa da duku-duku, ba su dawowa sai bayan isha'i. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya ƙara cinye albashinsu. Wa ke duba yaransu? Babbar yaya mai shekara goma. A ƙauye akwai kaka da gwaggo da kishiyar uwa a gida ɗaya, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. A gidan haya na Abuja, maƙwabcinka ma bai san sunan ɗanka ba. Da malaman firamare muka shafe fiye da wata uku muna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, na ga ɗalibaina a bakin titi da farantin gyaɗa. Wasu ba su dawo ba har yau.

Wani zai ce talauci ba hujja ba ne, ai masu kuɗi ma suna azabtar da yara. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a sassauta hukunci ba. Amma mai azabtarwa ba ya samun 'yar da uwarta ke da abin ciyar da ita. Korar masu talla da kamen mabarata, irin wanda aka yi a ƙarshen 2024, yana share titi ne kawai. Yaron da aka kora daga Wuse gobe yana Nyanya.

Abin da nake roƙo ba gagarumi ba ne. A ba iyaye mata marasa ƙarfi tallafin kuɗi mai ɗorewa, bisa sharaɗin yaro yana zuwa makaranta ana yi masa rigakafi. Brazil ta yi haka da shirin Bolsa Família tun 2003. A tabbatar da ciyarwa a makarantun ƙananan hukumomi shida na Abuja, domin na ga yadda faranti ɗaya na abinci ke cika aji. A buɗe wuraren rainon yara masu sauƙin kuɗi kusa da kasuwanni. Kotuna su tilasta wa uban da ya yi saki ciyar da 'ya'yansa, tunda addini ma ya ɗora masa. Kwamitocin masallatai da masu unguwanni su san zawarawa da marayun da ke kewaye da su, zakka ta isa gare su kafin dillaliya ta isa.

Ku kuma 'yan'uwana mata ma'aikata masu neman mai taya aiki, ku daina cewa a kawo muku ƙarama don ta fi sauƙin juyawa. Ku ɗauki babbar mace, ku biya ta albashin da zai riƙe gidanta, ku sallame ta da wuri ta koma wajen 'ya'yanta. Wannan ba sai mun jira minista ba.